Gautan Malam Mudi a Saman Bene

Duk wanda ya taɓa sayayya a wani babban kanti da ke unguwar Old Airport a birnin Doha a shekarun korona ya ga Garzali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai kakin gadi da ke tsaye a ƙofa, takunkumi a fuska, yana cewa a nuna shaidar lafiya ta waya. In ta nuna kore ka wuce, in ba haka ba ka koma, ko kai ɗan waye. Ba shi da yawan magana, dariya kuwa sai ta kama dole. Mutumin Kwarin Ɗinya ne, wani ƙauye can ƙasar Katsina, wanda yanzu ko ka je ka yi ta rafka sallama babu mai amsa maka.

Mahaifinsa Malam Mudasiru, Mudi Mai Gauta ake ce masa, kuma ba a banza ba. Yana da wani irin gauta da babu mai shi a duk yankin, ɗan ƙarami, fari mai ratsin kore, ɗacinsa kaɗan ne, in ka haɗiye sai wani zaƙi ya biyo baya. A wurin kakansa ya gada. Ran kasuwa tun kafin ya sauke kwando ake kewaye shi. Kowace shekara idan gautan ya fara 'ya'ya, sai ya bi gonar yana zaɓen waɗanda suka fi kyau yana ɗaura musu tsumma a wuya. Duk wanda ke da tsumma, to ba na ci ba ne, ba na kasuwa ba ne. A jikin uwarsa za a bar shi ya nuna, ya yi jajir, ya yamutse, sannan a tsinke a fasa a wanke irin a shanya, a cuɗa da toka a zuba a kwalba. Garzali ya taɓa shan dukan da har yau bai manta ba, ran da yana yaro ya tsinki mai tsumma ya kai baki.

Ran da zai taho Doha, tsohon ya kira shi bayan rumbu ya miƙa masa wata 'yar kwalbar maganin tari cike da iri.

"Ƙasar da za a ba mutum aiki ai ba a hana shi taku biyu na shuka ba," in ji shi. "Ka riƙa cin abin gidanku."

Allah Sarki, Malam Mudi bai taɓa wuce Kano ba, ina zai san ƙasar da ɗansa ya nufa? Garzali ya cusa kwalbar cikin safa, ya tura can ƙasan jaka, ta yi wata da watanni ko leƙa ta bai yi ba.

A unguwar Fereej Abdel Aziz ya sami makwanci, wani tsohon bene mai hawa biyu, ɗaki ɗaya mutum shida, gado kan gado. Biyu ne abokan hirarsa. Akwai Ja'afar, direba, Bazazzage, mai son gayu da turare. Akwai kuma Mutala, ɗan zangon Kumasi, mai aikin gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, gajere mai faɗin ƙirji, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke shi. Mutala a kan siminti aka haife shi, a kan siminti ya girma, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma a kan kowace magana yana da ra'ayi, har da noma.

Da korona ta shigo aka rufe masallatai da wuraren zama, ya zama daga aiki sai ɗaki. A lokacin ne Ja'afar ya kawo wata tsohuwar talabijin da aka yar a gidan kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake yi wa tuƙi. Mutala ya hau sama ya yi ta juya farantin tauraron ɗan'adam har Allah ya sa suka kamo wata tashar Hausa ta gida. Ran Juma'a da la'asar tashar na sa wani shiri na koya wa mutane shuka a tsakar gida, cikin buhu da bokiti da tsohuwar taya. Mutum biyu ke gabatarwa. Akwai Alhaji Dikko, dattijo mai farar shadda da murya a sanyaye, akwai wata matashiya Ikilima mai saurin magana. Tun da aka fara kallonsa, ba a ƙara yin Juma'a a ɗakin nan ba tare da musu ba.

"Kai, ku dubi hannun mutumin nan!" in ji Mutala. "Wannan hannu ne na noma? Wallahi ko ƙwai bai taɓa fasawa ba. Akwai masu yi masa aikin a baya, shi sai ya zo ya tsaya da farar riga."

"Ai shi ya sa na ce a bar wa Ikilima shirin," in ji Ja'afar. "Ita ce ke tsugunawa ta dama ƙasa."

"Kai ba ƙasar kake kallo ba, malam. Mun san abin da kake kallo."

"Sharri dai ba kyau, Mutala."

Garzali shi kaɗai ne ɗan Alhaji Dikko. Ba ya musu da ƙarfi, sai dai ya ce, "Ku bar dattijon nan, ya san abin da yake faɗa." Gaskiyar magana, muryar ce ke kama shi. Yadda Dikko ke jan magana, yadda yake cewa "to jama'a" kafin ya tsuguna, duk sai ya riƙa jin kamar tsohonsa ne ke magana a bakin gona. Kullum kuma da abu ɗaya Dikko ke rufe shiri. Zai ɗauki faifai ya bi shukar yana tsinkar kuɓewa ko gauta ko kokwamba, ya ɗaga ɗaya ya gatsa, ya ce, "Tun yana ɗanye shataf ake tsinka, jama'a. Kada a bari ya yi ja ya lalace." Mutala ya haddace wannan tsaf. Ko tuffa zai ci sai ya miƙe ya gyara wuyan riga ya kwaikwayi muryar Dikko, ɗaki ya kwashe da dariya.

Wata Juma'a, bayan ƙaramar sallar shekarar farko ta korona, aka buɗe shirin da ruwan sama. Ruwa ne sosai, yana zuba daga indararo, ga Dikko a ƙarƙashin rumfa yana murmushi.

"To jama'a, damina ta sauka. Duk mai iri a ɗaki ya fito da shi. Wanda ya bari wannan makon ya wuce, ya yi wa kansa."

Garzali ya ji wani abu ya tsirga masa. Ya rantse har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ji a ɗakin nan mai warin takalma. Duk rayuwarsa, in aka ce damina ta sauka, jikinsa ya san abin yi, ba sai an yi shawara da kai ba. Bai tsaya ya tambayi kowa ba. Ya samo bokitan fenti a wani kango, Ja'afar ya kawo masa takin awaki daga gonar kafil, ya sayo buhun ƙasa, ya hau saman bene. Da yake a ganinsa iri na nan jibge a gida, sai ya zazzage kwalbar ba tausayi, ya bar ɗan abin da ya maƙale a gindi.

Sun tsiro kuwa, kore shar, abin sha'awa. Sai dai wannan Doha ce a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ka taɓa sai ka yarfe hannu. Ya yi musu rumfa da tsohon zanen gado. Ya riƙa ba su ruwan tankin sama, wanda da yamma yake fitowa kamar za a haɗa shayi da shi. Wata rana iska mai zafi ta taso tun hantsi, ya dawo daga aiki ya tarar duk sun kwanta, sun yi baƙi, ko ɗaya bai tsira ba.

Wani ɗan Bangaladash da ke ɗakin ƙasa ya hau shanya ya gan shi tsugune. Da guntun Larabci da nuni da hannu ya fahimtar da shi cewa nan ba yanzu ake shuka ba, sai zafi ya karye, sai sanyi ya kusa. Daminarsu ta gida ita ce lokacin mutuwar shuka a nan.

Tirƙashi! Mutala ya sami abin yi.

"Alhajinka ya ce damina ta sauka! Ina laimarka, Garzali? Kada ruwa ya jiƙa ka!"

Daga ranar Garzali ya juya wa Dikko baya, ya zama duk ɗakin babu mai zaginsa kamarsa. Ya ce mutum ne da bai san akwai wata duniya bayan katangar gidansa ba. Ya ce farar shaddar ma ta aro ce. Ja'afar ya ce, "Haba, ai shi da mutanen Kano yake magana, wa ya ce ka biye masa daga nan?" Garzali ya yi tsaki ya juya fuska bango. Amma fa ko Juma'a ɗaya bai fasa kallo ba. In aikinsa ya faɗo a lokacin, sai ya roƙi a yi masa canji.

A shekara ta biyu ne kiran ya zo. Yana tsaye a ƙofar kanti da rana tsaka, ƙanwarsa Haulat ta kira, da jin yadda ta yi sallama ya san ba lafiya ba. 'Yan bindiga sun shiga Kwarin Ɗinya. Sun kora shanu, sun cinna wa rumbuna wuta. Malam Mudi ya ƙi gudu, a bakin rumbunsa aka same shi. Waɗanda suka tsira sun watse, ita da 'ya'yanta suna cikin Katsina a ɗakin wata 'yar uwar mijinta. Garzali ya ce innalillahi, ya sake cewa, sannan ya mayar da waya aljihu domin akwai layin mutane a gabansa suna jira ya duba musu kore. Babu halin tafiya. Ko da akwai, an riga an binne.

Sai bayan sadakar arba'in Haulat ta yi masa maganar.

"Yaya, kwalbar nan da Baba ya ba ka, tana nan?"

"Me ya faru?"

"Babu ko ƙwaya a nan. Duk ya ƙone da rumbun. Na tambayi duk wanda Baba ya taɓa ba iri, kowa ya bar nasa a can. In akwai a wurinka, to shi ke nan abin da ya rage."

Ya ce mata akwai. Bai gaya mata yadda ya yi da sauran ba. Da ya koma ɗaki ya zazzage kwalbar a tafin hannu, ya hure tokar a hankali. Abin da ya gani bai cika cokalin shayi ba. Ya tsaya yana kallonsa, hawayen da bai yi ba a ƙofar kanti suka zo masa. Ya yi kuka sosai, Mutala na zaune a gadon sama yana kallonsa.

Sanyin wannan shekarar ya zo ya wuce, Garzali bai shuka ba. Tsoro ne ya hana shi. Aikawa gida ma ya kasa, don Haulat ba ta da inda za ta kafa ko tsinke, ɗakin ma na aro ne. Amma ya san iri ba ya jira har abada, kowace shekara wasu ƙwayoyin mutuwa suke yi a cikin kwalba. Da shekarar ƙwallon duniya ta kama, Haulat ta ce mijinta ya sami wani ɗan gida a bayan gari mai fili a baya, za su tare bayan damina. Garzali ya yi shawara da zuciyarsa. Tsohon iri ne, kuma kaɗan. Gara ya tayar da shi a nan inda idonsa ke kai, ya sami sabo mai yawa, ya kai mata da hannunsa in ya je hutu.

Wannan karon bai saurari kowa a talabijin ba. Tun zafi bai gama karyewa ba ya yi reno a cikin ɗaki, a kwalin ƙwai, a bakin taga inda sanyin esi ke kaiwa. Daga duk abin da ya zuba, uku ne suka fito. Uku! Ya riƙa lallaɓa su kamar jarirai. Mutala, duk da tsiyarsa, shi ya ja wani siririn tiyo daga bayan esi zuwa jarka, domin ruwan da ke ɗiga daga nan mai sanyi ne, babu gishiri.

"Ba don kai na yi ba," in ji shi. "Don kada ka sake yi mana kuka ne a ɗaki."

Da iska ta yi sauƙi ya dasa su a bokiti uku ya hau da su sama. Suka kama, suka yi ganye faffaɗa, suka yi fure, suka fara 'ya'ya. Ran da ya ga ratsin kore a jikin ɗan farin gautan farko, sai da ya zauna a ƙasa. Ya yaga tsohuwar singiletinsa, ya zaɓi waɗanda suka fi kyau ya ɗaura musu tsumma a wuya. Ya ɗauki hoto ya aika wa Haulat, ta maido da murya tana kuka tana dariya. 'Yan ɗaki kuwa abu ɗaya ya gaya musu, cewa wannan na iri ne, na ƙanwarsa ne, kada wanda ya taɓa. Bai yi wani bayani ba. A wurinsa, wa zai zauna yana gaya wa babban mutum cewa sai gauta ya nuna ake samun iri? Ai ko yaron goye ya sani a Kwarin Ɗinya.

Garin kuwa ya rikice da shirin karɓar gasar ƙwallon. Ko'ina tutoci, ko'ina fenti, ana ta rufe hanyoyi. An ɗebi su Garzali daga kanti ana kai su horo a wani filin wasa, yadda za su tsare ƙofa su nuna wa baƙi hanya. Aka fara jin raɗe-raɗin ana tashin gwagware daga tsofaffin gidajen tsakiyar gari. Ja'afar ya ce kafil ɗinsa ya ce ba za a zo layinsu ba. Garzali ya so ya yarda, don haka ya yarda. Abin da yake nema bai wuce 'yan makonni ba, gautan ya yi ja.

Ran da abin ya faru yana wurin horo, an karɓe musu wayoyi. Sai da aka tashi da la'asar ya ga kiran Mutala rututu. Da ya kira shi, Mutala ya ce mai gidan ya zo da wasu mutane da hantsi, ya ce kowa ya fice kafin azahar, khalas, babu magana, za a gyara gidan a sa baƙi. An kawo mota ta kwashe su zuwa wani sansanin ma'aikata can bayan Asian Town.

"Shukata fa?" in ji Garzali.

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Na kula maka da ita. Kai dai taho."

Duk da haka sai da ya fara biyawa ta gidan. Ya tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙofa, an yanke wuta, an jingine tsanin masu fenti. Ya yi ta bugu, wani mai gadi ya leƙo ya ce yalla, yalla, wato ya yi gaba, babu kowa, babu shiga. Ya ɗaga kai, bai hango komai ba sai gefen tanki. Ya kama hanyar sansanin yana gaya wa kansa cewa ko bokiti ɗaya Mutala ya sauko da shi ya wadatar.

Rana ta kusa faɗuwa ya isa. Ya sami Mutala zaune a bakin wani dogon ɗaki, rigarsa jiƙe da gumi, gwiwarsa a kurje. Yana ganinsa ya miƙe da fara'a.

"Wallahi yau na yi gudu! Sau ɗaya suka bari na hau sama, mutumin na tsaye a kaina yana ihu. Akwatin kayan aikina ma a can na baro shi, ban samu na koma ba. Na ce bokiti nauyi ne, kuma ƙasa ce kawai da ganye, me za a yi da su? Abin da ake so ai 'ya'yan ne."

Ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin benci ya buɗe.

"Ga su nan, duka. Ko ɗaya ban bar musu ba. Masu tsumman nan na san su ne manya a wurinka, su na fara tsinka. Kuma ka ga Allah ya taimake mu, ko ɗaya bai yi ja ba. Ɗanye shataf, yadda Alhajinka yake faɗa."

Garzali ya karɓi ledar. Ga su nan kuwa, farare masu ratsin kore, wasu kamar ƙwan zabo, wasu ba su kai ba, guntayen singiletinsa na ɗaure a wuyansu. Ya zauna a kan bencin. Ya zaɓi wanda ya fi girma, ya sa farce ya tsaga. Irin na ciki fari fat, laushi tuɓus, ya murza ɗaya a yatsa ya narke ya zama ruwa. Ya tsaga na biyu, ya tsaga na uku. Duk ɗaya ne.

Ya ji kamar ya kurma ihu har a ji shi a Katsina. Ya ɗago ya dubi Mutala, ya dubi gwiwar da ta kurje, ya tuna akwatin kayan aikin da mutumin ke neman abinci da shi.

"Yaya dai?" in ji Mutala, fara'arsa ta fara raguwa. "Ban yi daidai ba?"

"Ka yi ƙoƙari," in ji Garzali. "Allah ya saka da alheri."

"To me ya sa kake fasa su?"

"Ci za mu yi. Zauna."

Ya kwance tsumman ya miƙa masa rabi. Mutala ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tauna, ya haɗiye, sai ya tsaya cak.

"Kai! Akwai wani zaƙi a baya. Wallahi tsohonka ya iya abu. Ka ce wa ƙanwarka in ta shuka ta ajiye mini nawa."

Garzali ya kai nasa rabin baki. Shi ne, babu ko tantama, gautan Malam Mudi ne, ɗacin nan kaɗan da zaƙin da ke biyo shi. Ya riƙa taunawa a hankali, ya ƙi haɗiyewa. Waya ta yi ƙara a aljihunsa, ya ciro ya duba. Haulat ce. Da safe ta aiko masa da hoton filin bayan gidan, ta share shi tas, ta kewaye da kara saboda awaki. Ya riƙe wayar a hannu tana ta ƙara, bakinsa cike da gauta.

"Ɗauka mana," in ji Mutala. "Gaya mata an tsira da su."